Tambihi Ga Jama'a Bisa Kisan Janar Murtala Da Shari'ar Da Aka Yi A Ɓoye

 

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, da wuya mazaunin wannan yanki namu ya wuni bai ci karo da sunan Murtala ba. Mai zuwa kasuwar Sabon Gari ta titinsa ya kan bi, mai majinyaci a birni asibitinsa ya kan nufa, wanda aka ba canjin naira 20 kuwa fuskarsa zai gani. Amma in aka ta da zancen mutuwarsa a majalisa, sai baki ya rabu. Wani ya ce Amurka ce, wani ya ce Ingila ce, wani ya rage murya ya ce na kusa da shi ne suka bashe shi. Rabin ƙarni ke nan ana wannan jayayya, yaran da ba a haifa ba a lokacin sun gaje ta daga iyayensu.

Malamai sun kasa sani kashi 4. Akwai yaƙini, watau abin da babu kokwanto a cikinsa. Akwai zato, wanda ya rinjaya amma bai kai yaƙini ba. Akwai shakka, inda gefe biyu suka yi daidai. Akwai wahami, abin da aka raya a zuci ba tare da madogara ba. Nufinmu a takardar nan mu sa kowace magana a kashinta, kana mu faɗi abin da ya wajaba a nema, da wurin wanda za a neme shi.

Fasali na 1: Abin da ya tabbata

An haifi Murtala Ramat Muhammad a Kano cikin 1938. Ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975 bayan an tuɓe Janar Yakubu Gowon, ya yi kamar kwana 200 a kai. Ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976 da safe ya fito daga gidansa a Ikoyi cikin birnin Ikko, zai tafi barikin Dodan, a baƙar mota Mercedes, ba rakiyar soja. Cunkoson motoci ya tsai da shi kusa da sakatariyar tarayya, nan wasu soja da suka yi kwanto suka buɗe wa motar wuta. Ya rasu yana da shekara 37, Allah ya jiƙansa. Dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa sun mutu tare da shi. A ranar kuma aka kama Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara, aka kashe shi. Aka harbi Kanar Dumuje bisa zaton Janar Obasanjo ne, amma ya rayu.

Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, shugaban sashen motsa jiki na soja, ya shiga gidan rediyo ya yi shelar an kifar da gwamnati. Don ruɗewa har ya ce an hana fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Kafin rana ta faɗi an murƙushe su. Aka kawo gawar Murtala Kano aka rufe shi. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan a Ikko da hujojin harsashi a jikinta.

Wannan duka yaƙini ne. Dimka da bakinsa ya yi magana, ƙasa duka ta ji muryarsa. Wanda ya ce ba su ne suka yi harbin ba, ya fita daga zancen masu hankali.

Fasali na 2: Abin da hukuma ta faɗa

Gwamnatin Obasanjo ta ce masu tawayen sun yi nufin su mai da Gowon bisa mulki, su mai da gwamnonin da aka kora, su hana rage yawan soja, kuma suna zargin gwamnati da karkata wajen kwaminis. Ta ce Manjo Janar Iliya Bisalla, kwamishinan tsaro, yana cikin shirin, Gowon kuma yana da masaniya daga Ingila inda ya ke karatu a jami'ar Warwick.

Adalci ya sa mu ce wannan bayani yana da ƙafar tsayawa. Murtala ya kori ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, da yawansu ba a saurari uzurinsu ba. Ya sauke gwamnoni 12, bincike ya kama 10 daga cikinsu da laifin dukiya. Soja kuwa sun kai wajen 250,000 bayan yaƙin basasa, aka ce za a sallami dubbai. A Janairu 1976 aka ɗaga Theophilus Danjuma zuwa Laftanar Janar, ya tsallake Bisalla wanda ya ke gaba da shi a da. Wanda ya taka mutane da yawa haka cikin wata 6, ba sai an zo daga ƙetaren teku ba kafin a sami mai jin haushinsa. Cewa fushin cikin bariki ne ya haifi abin, wannan zato ne mai ƙarfi ƙwarai.

Fasali na 3: Inda shakka ta shigo

To, in haka ne, me ya hana zukata natsuwa? Sai mu ce yadda aka yi shari'ar ne.

Na farko, a ɓoye aka yi ta. Kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye ya zauna a asirce, kotun soja ƙarƙashin Manjo Janar John Obada ita ma haka, bisa dokar da aka kafa bayan aukuwar laifin. Ba a bar jama'a sun ji shaidu ba, ba hanyar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu. Majalisar ƙoli ta soja ce mai tabbatar da hukunci, alhali manyanta su ne waɗanda aka so a kashe a ranar. Ko a gaban alƙalin ƙauye an san mai ƙara ba ya zama alƙalin ƙararsa.

Na biyu, gaggawa. Daga 13 ga Fabrairu zuwa 11 ga Maris kwana 27 ne. A ran nan aka harbe aƙalla mutum 30, har da Bisalla. Ku lura, Dimka ya tsere, ya yi wajen mako 3 yana ɓuya, ba a kama shi ba sai farkon Maris kusa da Abakaliki. Ke nan tsakanin kama babban mai laifi da harbe waɗanda ya ambata, mako guda bai cika ba. Bisalla ya yi ta musu har bakin turke. Ran 15 ga Mayu aka harbe wasu 7, cikinsu da Dimka kansa da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato. Jimla kusan mutum 40.

Na uku, nauyin da aka ɗora wa iƙirarin Dimka. Ƙa'ida ce sananniya wurin alƙalai: iƙirarin mutum kansa ya ke ci, ba ya cin wani sai da bayyina. Balle iƙirarin wanda ya ke tsare, ya san turke na jiransa, yana iya jawo kowa don ya sami sauƙi ko don ya huce. Abin da aka sakar wa jama'a daga maganarsa yanki ne wanda hukuma ta zaɓa. Sa'an nan aka rufe bakinsa har abada.

Na huɗu, al'amarin Gowon. Gwamnati ta kira shi mai hannu, ta tuɓe masa girman soja, ta nemi Ingila ta miƙo shi, Ingila ta ƙi. Shi kuwa bai daina musu ba. A 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa, a 1987 gwamnatin Babangida ta mayar masa da girmansa. In yana da hannu, an yafe jinin shugaban ƙasa ba a yi wa kowa bayani ba. In ba shi da hannu, ashe maganar da aka dogara da ita aka tuhume shi ba ta inganta ba, ita ce kuwa aka dogara da ita a kan wasu da suka riga suka shiga ƙasa. Ko wanne aka ɗauka cikin biyun, akwai bashin bayani a wuyan hukuma.

Na biyar, tserewar Dimka daga gidan rediyo. Danjuma ya aiki Kanar Ibrahim Babangida ya ƙwato wurin. Ya shiga ya yi magana da Dimka, ya fita, ya komo da motocin yaƙi, amma Dimka ya sulale. Ba mu tuhumar kowa da wannan, zama rikicin harbi ya kan ba mai gudu hanya. Sai dai mutane sun daɗe suna tambaya, amsar kuwa tana cikin bayanan da kwamitin Abisoye ya rubuta.

Fasali na 4: Zancen hannun Turawa

Masu cewa Amurka ce ba daga iska suka ɗauko ba, ruwa ba ya tsami banza. A Nuwamba 1975 Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, alhali hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana taimakon abokan gabarta, sojan Afirka ta Kudu kuma sun shiga ƙasar. Shugaba Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka takarda yana jan kunnensu, gwamnatin Murtala ta buga takardar a jarida ta mai da martani mai zafi. Ran 11 ga Janairu 1976 Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya ce Afirka ta kai munzalin da ba mai yi mata umarni. Bayan kwana 33 aka kashe shi. Ƙari a kan haka, a Nuwamba 1975 ɗin nan ne kwamitin Sanata Frank Church na majalisar Amurka ya bayyana cewa CIA ta taɓa shirya kashe Patrice Lumumba na Kwango da guba. Kwana 5 bayan rasuwar Murtala, ran 18 ga Fabrairu, Ford ya sa hannu a dokar da ta hana ma'aikatan gwamnatinsa kisan shugabanni. Ba a hana abin da ba a taɓa yi ba.

Ingila kuma, a safiyar kisan Dimka ya tafi ofishin jakadanta, Sir Martin Le Quesne, ya nemi a sada shi da Gowon. Jakadan ya ƙi, amma zuwan kaɗai ya isa ya ta da ƙura. 'Yan makaranta suka yi zanga-zanga a ofisoshin ƙasashen biyu, a Maris kuma gwamnati ta sa aka janye jakadan. Lalle biri ya yi kama da mutum.

Amma fa kama da wane ba wane ba ce. Ku auna wannan gefen kuma. Kafin ranar kisan majalisar Amurka ta riga ta toshe kuɗin yaƙin Angola, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma ta riga ta karɓi gwamnatin MPLA, watau abin da Murtala ya tsaya a kai ya riga ya tabbata. Waɗanda suka gaje shi ba su sauya hanya ba: a 1976 sun ƙi karɓar baƙuncin Henry Kissinger, a 1979 sun ƙwace kamfanin mai na BP. Kuma wanda babbar ƙasa ta tsaya masa tun farko ba ya zuwa ƙofar jakada da rana tsaka yana roƙon a yi masa waya. An buɗe takardun jakadun Amurka da na Ingila na shekarun nan da yawa, masu bincike sun karanta, babu wadda ta fito fili ta nuna su suka aiko Dimka. Saboda haka wannan magana tuhuma ce mai dalili, amma ba ta kai zato mai rinjaye ba, balle yaƙini. Wanda ya rantse a kanta ya rantse a kan abin da bai gani ba. Zancen da a kan yi kuma na kama sunan wane da wane cikin abokan aikinsa ba tare da shaida ba, wannan wahami ne, kuma ƙazafi ne.

Fasali na 5: Abin da ya faru ga wasu

Kada wani ya ce shakkar bayanin hukuma rashin ladabi ne. An kashe Lumumba ran 17 ga Janairu 1961, hukumar Katanga ta ɓoye, sai ran 13 ga Fabrairu ta ce wai ya tsere mutanen ƙauye suka kashe shi. Bayan shekara 40 majalisar Beljiyam ta yi bincike, a 2002 gwamnatinta ta nemi gafara, a 2022 ta mayar wa iyalinsa haƙorinsa, abin da ya rage na jikinsa ke nan. An harbe Thomas Sankara na Burkina Faso ran 15 ga Oktoba 1987, likita ya rubuta wai mutuwar Allah da Annabi ce. A 2022 kotu a Wagadugu ta zauna a bainar jama'a ta yanke wa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai, ko da ya ke ba ya ƙasar. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, ran 9 ga Afrilu 1999 dogaran fada suka harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai, firayim minista ya shiga rediyo ya kira abin hatsari, aka kuma sa afuwar masu kisan cikin tsarin mulki. Iyalinsa ba su gaji ba, har a 2015 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce an tauye musu haƙƙi, ta sa a biya su diyya.

A nan Kano ma, ran 10 ga Yuli 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, a gidansa cikin tarzoma. Wasu suka ce fushin taro ne, Dokta Yusufu Bala Usman ya tsaya a kan cewa shiri ne aka yi. Har yau ba a daina wannan jayayya ba.

Darasin guda ne. Inda aka buɗe takarda aka zauna a fili, zance ya kan mutu. Inda aka rufe, sai ya yi ta 'ya'ya.

Fasali na 6: Amsa ga masu cewa a bar kaza cikin gashinta

In mai magana ya ce, tone-tone zai ta da husuma tsakanin ƙabilu, sai mu ce masa ɓoyewar ce ta ke ciyar da husumar. Mafi yawan waɗanda aka harbe 'yan Filato ne da Binuwai da maƙwabtansu. 'Ya'yansu da jikokinsu suna nan, da yawa sun gaskata an haɗa da marasa laifi. Mutanen Kano kuma suna ganin ba a gaya musu duka gaskiya ba a kan ɗansu. Kowane gefe yana riƙe da nasa ciwon, alhali a kasuwa guda mu ke ciniki. Mu da mu ke zaune tsakanin Fagge da Sabon Gari mun fi kowa sanin abin da ji-ta-ji-ta ta ke haifarwa, zama a kan iyakar nan aka zub da jini a Mayu 1953, aka sake a 1966.

In ya ce, ai asirin soja ne, sai mu ce wane asiri ya rage bayan shekara 50? Bindigogin sun yi tsatsa, gwamnatin ta shuɗe. Ingila ta kan buɗe mafi yawan takardunta bayan shekara 30, yanzu ma ta rage zuwa 20. Abin kunya ne ɗalibin Jami'ar Bayero ya iya karanta abin da jakadan Ingila ya rubuta a kan mutuwar Murtala, ya kasa karanta abin da kotun ƙasarsa ta rubuta.

In ya ce, kuna so ku wanke masu kisa, sai mu ce wanda shaida ta kama, buɗe kundi ƙara kama shi zai yi. Wanda ba ta kama ba kuwa, haƙƙin iyalinsa ne a share masa suna.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mai neman a buɗe kundi ba ya zaɓen shafi. Murtala yana cikin jagororin juyin Yuli 1966 wanda aka kashe Janar Ironsi a cikinsa, rundunarsa ta biyu ce kuma ta shiga Asaba a Oktoba 1967 inda aka kashe ɗaruruwan farar hula. Maƙwabtanmu na Sabon Gari suna da nasu tambayoyin a kan waɗannan. In muna son a amsa tamu, dole mu yarda a amsa tasu. Girman mutum ba ya bukatar a rufa masa da ƙarya.

Fasali na 7: Abin da mu ke nema

Na 1, gwamnatin tarayya da hedikwatar soja su buga rahoton kwamitin Abisoye da kundin kotunan 1976 cikakku, da iƙirarin Dimka yadda aka ɗauke shi ba a yanke ba. Abin da ya ɓata a cikinsu a faɗa a fili ya ɓata, a faɗi a hannun wa.

Na 2, a ajiye kwafi a Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Mambayya a nan Kano, da Jami'ar Jos, don kowane gefe ya gani da idonsa. A haɗa da rahoton kwamitin Mai Shari'a Oputa, wanda aka miƙa a 2002 gwamnati ba ta buga ba, sai ƙungiyoyi ne suka sake shi a 2005.

Na 3, wakilan Kano a majalisar tarayya, tun daga mai wakiltar Fagge, su kai wannan ƙuduri tare da wakilan Filato, don kada a ce na ɓangare guda ne.

Na 4, lauyoyi da malaman tarihi su yi aiki da dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takarda daga hukuma, ta kuma ɗora mata amsawa cikin kwana 7. In ta ƙi, ta faɗi dalili, a kai gaban alƙali.

Na 5, waɗanda suka rage da rai cikin masu ido a wancan zamani, manya da ƙananan soja, a je a rubuta daga bakinsu tun ana iya samunsu.

Ku kuma, ya ku masu karatu, in aka kawo muku zancen nan a shago ko a wayar hannu, ku tambayi mai kawowa: ka gani ne, ko ka karanta a ina, ko kuwa an ce ne? Wanda ya kawo takarda ku saurare shi. Wanda ya kawo "an ce" ku mayar masa da kayansa. Wanda ya karanta takardar nan ya miƙa wa na kusa da shi, ya karanta wa wanda bai iya ba.